Ƙofar da Aka Ciro daga Utaiqa

Ranar Asabar da hantsi aka sanar da Sufeto Shakir cewa an yi sata a sabuwar unguwar da wani kamfani ya gina a arewacin Riyad. Shakir ɗan ƙasa ne, amma kakanninsa Katsinawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna, don haka idan ƙara ta shafi Hausawa shi ake turawa.

An tsara wurin kamar tsakiyar gari. Kantuna a ƙasa, gidaje da ofisoshi a sama, ga masallaci, ga fili mai dabino. Masu hali da suka guje wa cunkoson birni aka gina wa, don su samu kasuwa a ƙofar gida. Sai dai kowa da mota yake zuwa, ya sha gahawa ya tafi.

Abin da aka sace tsohuwar ƙofar katako ce mai zanen ja da kore. Kamfanin ya saye ta lokacin da ake rushe wasu tsofaffin gidaje a unguwar Utaiqa, ya kafa ta a bangon filin don ado.

Shakir ya duba bangon. Ba a ɓalle ƙofar ba, kwance ta aka yi a hankali. Kantin agogo da ke gefe kuwa ko taɓa shi ba a yi ba.

Mai gadin wurin, wani ɗan Nijar mai suna Gali, ya rantse cewa jiya Juma'a bai motsa daga bakin get ba, kuma babu motar da ta shigo.

"To a ina ka yi sallar Juma'a?"

Gali ya sunkuyar da kai. Ya amsa cewa ya tafi masallaci ya bar get, yana dawowa ya hangi motar ɗaukar kaya ta kamfani tana fita. Tsoron kada kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya soke masa iƙama, wato takardar izinin zama, shi ne ya hana shi faɗa. Makullin motar kuma yana hannun Injiniya Salmanu.

Salmanu ɗan Zariya ne mai furfura a gemu, shi ya kula da ginin tun daga tushe. Ya ce siminti ya kai wani wurin aiki, ƙofar kuma bai taɓa tsayawa ya kalle ta ba.

A ofishin sayar da gidaje Shakir ya ga babban hoton ƙofar. Ya matsa kusa. A gefenta akwai zane-zanen wuƙa, ɗaya sama da ɗaya, irin na auna tsayin yaro. Kusa da na sama an sassaƙa suna da rubutun boko: Jamilat.

Da la'asar ya shiga Utaiqa. Nan babu wanda ya tsara komai. Mai burodi na kiran tela, yara na ratsa buhunan dabino, mata na leƙowa daga tagogin saman kantuna. Ya nuna wa wani tsoho mai sayar da dabino hoton. Tsohon ya gane ƙofar nan take. Ya ce wani injiniya ɗan Najeriya ne ya zauna a gidan da matarsa Rekiya, wadda duk layin suka san ƙosanta a watan azumi. Ta rasu, aka binne ta a Riyad, aka mayar da 'yarsu gida wurin kakarta.

Washegari Shakir ya je masaukin Salmanu a unguwar Al-Suwaidi da 'yan sanda biyu. Salmanu ya buɗe, bai tambayi dalilin zuwansu ba. Ɗaki ɗaya ne, da katifa da darduma. Ƙofar tana jingine da bango.

"Ka ce ba ka taɓa kallonta ba."

"Kullum ina kallonta, Sufeto." Ya zauna a bakin katifa. "Ni na zana musu filin nan. Layinmu nake tunawa ina zanawa. Na sa kanti a ƙasa, gida a sama, na ce mutane za su san juna. An gama, babu mai gaida kowa. Sai wata rana na zo na tarar an kafa ƙofar gidana, baƙi na jingina da ita suna ɗaukar hoto."

Ya ce ya roƙi manaja ya sayar masa, aka ce kayan ado ne, ba na sayarwa ba. Rekiya ce ta yi zanen wuƙar da hannunta, kowace ƙaramar salla ta tsayar da 'yarsu Jamilat ta auna ta. Yarinyar yanzu tana jami'a. Suna waya, amma maganar ba ta daɗewa.

"Ka san za a iya korar ka daga ƙasar?"

"Na sani. Kabarinta ne kawai zan bari."

Shakir ya dubi ƙofar. Shi ma unguwar da aka haife shi titi ya bi ta kanta. Ya umarci 'yan sandan su ɗora ƙofar a mota, ya ce kuma babu buƙatar ankwa.

Da suka hau titi, Salmanu ya tambaya a hankali ko za a iya bi ta Utaiqa. Ba hanyar caji ofis ba ce. Direba ya kalli Sufeto ta madubi, Shakir ya gyaɗa masa kai.

Inda gidan yake a da ya zama wurin ajiye motoci. Salmanu ya manna goshinsa da gilashi, yana kallo har suka sha kwana.