Tafinta a Waya

"Yaya! Yaya ka buɗe ido, don Allah!"

Motar na kwance a gefenta cikin rami, taya ɗaya na ta juyawa a sama kamar ba ta samu labarin abin da ya faru ba. Auta ta dafe kan yayanta, jini na bin yatsunta, ƙafarsa kuwa ta karkace inda ƙafa ba ta karkacewa.

Tafiyar ma don a raba ta da Bakanike aka shirya ta. Baba ya ce 'yarsa ba za ta auri mai baƙin mai a farce ba, a kai ta wajen Goggo a wata ƙasa har ta manta shi. Ɗan Gayu, abokin Yaya mai son ta, shi ya kai gulmar, shi ya ba da mota, shi ya rantse ya san hanyar kamar tafin hannunsa.

Yanzu ga su a ƙasar mutane, ko allon hanya ba su iya karantawa.

Ciyawa ta motsa. Maza suka fito daga gona, kowa da adda a hannu.

Ɗan Gayu ya dube su, ya dubi Auta.

"Bari in nemo taimako!"

Ya zuba da gudu. Takalminsa ɗaya dai ya tsaya tare da ita.

Mutanen suka kewaye su suna wani yare da ƙarfi. Biyu suka ɗaga Yaya suka nufi daji da shi.

"Kar ku kashe shi! Wayyo Allah!"

Wata tsohuwa ta riƙe ta gam, ta ja ta har wani gida, ta zaunar da ita kan tabarma. Daga ɗakin baya sai ihun Yaya ya tashi. Auta ta dubi ƙofar ɗakin. Ta zabura, tsohuwar ta tare ƙofa, ta ciro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba ta miƙa mata.

Lamba ɗaya ce Auta ta haddace. Ba ta Baba ba ce, ta Bakanike ce.

"Masoyi..." Kuka ya ƙwace mata. "Mun yi hatsari... sun tafi da Yaya... suna da adduna!"

"Auta, ja numfashi. A ƙasar da kuke na koyi aiki, ina jin yarensu. Ba ni wani babba."

Tsohuwar ta karɓa, suka yi ta magana, ta dawo mata da wayar.

"Ɗori ake yi masa. Mijinta ne mai ɗorin garin. Addunan na sharar gona ne."

Yaya ya sake kurma ihu.

"Ka ji ko? Kashe shi suke yi!"

"Wanda ake kashewa ba ya zagin kakan mutane haka, rabin raina."

Tsohuwar ta ajiye mata abinci, ta wanke mata jinin hannu da ruwan ɗumi, tana 'yan maganganu.

"Me ta ce?"

"Ta ce ki daina kuka, kina ɓata idanun da wani ke so."

"Ƙarya kake..."

"To ta ce ki ci abinci. Sauran nawa ne."

Washegari da yamma Bakanike ya iso a bayan motar kaya, ƙura har gira. Auta ba ta saki hannun tsohuwar ba sai da ta gan shi.

Yaya na kwance da ƙafa cikin karare. Ya ga Bakanike, ya juya fuska bango. Sai dai mai son ruwan sha a ƙasar da ba a jin yarensa ba ya daɗewa yana fushi da tafinta.

"Kai... ce musu mun gode."

Bakanike ya faɗa. Tsohuwar ta yi dariya, ta nuna shi, ta nuna Auta, ta yi tambaya.

"Yaya, cewa ta yi ni wane ne a wurinku. Me zan ce mata?"

Auta ta zuba wa Yaya ido. In Yaya ya ce bakanike, shi ke nan, gidan Goggo za a wuce da ita.

Yaya ya dubi rufin ɗakin ya daɗe.

"Ce mata surukinmu ne. Baba kuma ka bar ni da shi." Ya yamutsa fuska. "Sannan ka tambayi tsohon nan, dole ne sai ya sake jan ƙafar?"