Wanda Ya Sace Hancin Kamfani

Manajan kamfanin shara da kansa ya kawo ƙara caji ofis, yana ƙamshi kamar da turare ya yi wanka. An sace na'urar auna wari da aka kafa a gefen juji. Ita ke aika wa hukumar muhalli sakamako kai tsaye, kuma da shi za a yanke hukunci a ƙarshen mako: a ba kamfani izinin gina masana'antar sarrafa shara a unguwar, ko a hana shi. Mutanen unguwa sun yi kukan wari har muryarsu ta dushe, na'urar kuwa kullum cewa take iska lafiya lau. Shi ya sa suka raɗa mata suna Hancin Kamfani.

Sufeto ya ɗauki Saje suka tafi. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne wurin ba ya wari ko kaɗan. Can bayan juji ne, ta gefen da iska ke tasowa, mutum zai iya shimfiɗa tabarma ya ci abincinsa.

"Wa ya zaɓi nan?"

"Masana," in ji Manaja, yana duba agogo.

Sufeto ya tsuguna a gindin turken ƙarfen. Ba a yanke komai ba, ba a fasa ba. An kwance na'urar da farantin solarta, sannan aka mayar da kowane noti mazauninsa, har da shafa masa giris.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawo mai tausayin noti?"

"Sai yau, yallaɓai."

A ofishin kamfanin Manaja ya rantse na'urar ta mutu, tun da aka ɗauke ta ba su ji ɗuriyarta ba. Amma allon kwamfutar da ke gaban injiniyarsa ja ne wur.

"Wannan jan fa?" Sufeto ya tambaye ta.

Ta kalli Manaja, ta sunkuyar da kai. "Tana aiki, ranka ya daɗe. Ba ta nuna inda take, amma warin da take aunawa ya wuce iyaka nesa ba kusa ba. Kuma hukuma na gani."

"Lalata ta suka yi!" Manaja ya buga tebur. "Ku nemo ta a mayar da ita wurinta kafin a zauna."

Sufeto ya sake duban jan allon. Ya dai gane cewa ɓarawonsa bai kai ta kasuwa ba.

Tun daga bakin unguwar warin ya tare su, mai nauyi, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Saje ya toshe hanci da hularsa. Ko'ina tagogi a rufe suke ruf, an cusa tsumma a kowace kafa, igiyoyin shanya duk babu kaya. Kowa aka tambaya bai ga komai ba. Mai shago ma cewa ya yi shi bai san akwai wata na'ura ba, alhali takardar zanga-zanga na manne a ƙofarsa.

"To, akwai makanike a layin nan?"

"Sai dai Baba Giris, shi ma ya daɗe da ajiye aiki."

Sun same shi zaune a ƙofar gida, tsoho siriri mai farin gemu. Ya miƙo hannayensa suna rawa.

"Ɗana, ni da cokali ke gagarata, ina ni ina sifana?"

Sufeto ya yi masa sannu ya juya. Sai da ya kai tsakiyar titi ya ɗaga kai. Duk layin taga ɗaya ce tak a buɗe, an wangale ta, tana fuskantar juji. A saman gidan tsohon take.

"Baba, wa ke kwana a ɗakin can?"

Hannun ya daina rawa. Tsohon ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. "Zo ka gani."

Ɗaki ne ƙarami. Gado a gyare, kwalaben maganin shaƙa jere a kan durowa, zanen mace rataye a ƙusa. A jikin ƙarfen taga ga na'urar nan, an ɗaure ta tsaf, koriyar fitilarta na ƙiftawa.

"Ɗakin matata ne," in ji Baba Giris. "Tana asibiti da roba a hanci. Likita ya ce in ta dawo cikin iskar nan ba za ta kai labari ba. Mun je ofishinsu sun ce hancinmu ne ke ƙarya, na'ura ba ta ƙarya. To, na yarda da su. Na kawo ta ta kwana inda muke kwana."

"Ka san sata ce wannan?"

"Na sani. Ni na kwance ta, ni kaɗai, kuma gobe in an mayar zan sake. Rubuta haka, kada ka rage ko kalma."

Sufeto ya rubuta, don aiki aiki ne. Ya ce a tafi da shi, ban da ankwa. Tsohon ya sauko yana taku ɗaiɗai, kai a sama. Tagogin layin suka fara buɗewa, mutane na leƙowa, babu mai toshe hanci.

Kafin su bi bayansa, Saje ya ɗauko sifana zai kwance na'urar.

"Me za ka yi?"

"Kayan shaida, yallaɓai. Manaja na jira."

"Ba a taɓa kayan shaida sai mai hotonmu ya ɗauke su a inda aka same su. Ka manta doka?"

"Ai mai hoto yana hutu, sai mako mai zuwa."

"To, sai mu jira shi," in ji Sufeto. "Kulle ƙofar. Tagar kuma ka bar ta yadda ka gan ta."