Jan Rini a Kwatar Su Yagana

Ranar da Yagana ta fara ganin Dabo, a tsugune yake bakin kwatar layinsu a Fagge, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, yana ɗiga jan rini yana ɗauka da waya. Ta tambaye shi ko zobensa ne ya faɗa. Bawan Allah sai da ya haɗa gumi kafin ya iya cewa karatun injiniya yake, aikin gama makaranta ne, yana auna yadda ruwa ke hargitsewa in ya ɗau gudu. Ta yi dariya har da dafa bango, amma dai ta ba shi lamba.

Wata biyu ana zuba soyayya, sai aka kai wa mahaifinta, Alhaji Modu mai atamfa a kasuwar Kwari, cewa yaron nan asiri yake zubawa a ƙofar gidansa, ja wur kamar jini. Alhaji ya ce kar ya sake ganin ƙafarsa. 'Yan majalisar layin kuwa suka laƙa masa Boka. Dabo ya daina bin hanyar gaba ɗaya.

Sai ga saƙon Yagana: "Bokana, ka zo ka nuna wa Baba aikinka. In ka ɓuya ka amsa laifin ke nan, ni kuma ka rasa ni."

Ya tafi Sabon Gari, shagon Tochukwu mai kayan famfo, ya haɗo sirinji da tiyon da ake hango ruwa ta cikinsa. Ran Asabar da hantsi ya jona tiyon da famfon tsakar gidan su Yagana, Alhaji na zaune bayan ta roƙe shi ya gani da idonsa. Ya buɗe famfon kaɗan, ya tsira rini cikin tiyon da sirinji. Rinin ya miƙe siriri kamar zare. Dabo ya ce in aka ƙara gudu zaren zai watse, nan ne ake yin awon.

Ya murɗa famfo. Tiyo ya fizge, jan ruwa ya wanke farar shaddar Alhaji tun daga wuya.

Dabo ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya murza rigar, ya shinshina. "Rini ne, mai zuba ma. Boka ba ya irin wannan shirmen. Ɗaure bakin ka sake, ban ga inda zaren ya watse ba."

Sai da aka yi sau huɗu ya gamsu.

Da kaka aka ɗaura aure. Alhaji ya sa musu albarka, ya yi addu'ar zuri'a tagari, sannan ya roƙi ango arziki ɗaya: kar ya ƙara taɓa masa famfo.