A Ajiye a Kan Tebur

Wai Leng ta ture kwanon kunun shinkafa gefe, ta tafa hannu sau ɗaya, tas! Ta buɗe tafukanta sama, ta kifa su, sannan ta miƙe daga teburin karin kumallo.

Mahaifinta, Baba Sou, ya kusa ƙwarewa da shayi don dariya. "Ke 'yar nan, wace kyamara kike nuna wa hannu a gidana? Cokalina kike tsoron a ce kin ɗauke?"

"Kai Baba! Sabo ne fa."

Sabo ne kuwa. Shekara bakwai ke nan tana raba karta a wani babban gidan caca da ke unguwar Taipa, inda mai rabo ba ya barin tebur sai ya tafa ya nuna wa kyamarorin rufi hannunsa wayam. Falmaran ɗin aikinta ko aljihu ɗaya babu. Ba a taɓa kiranta ofis kan kuskure ba, ita kuma ko pataka ɗaya, wato kuɗin garin, ba ta taɓa zubawa a caca ba. Da wannan aiki ta sauke Baba daga tuƙin tasi sa'ad da idonsa ya yi rauni. Tana taƙama da sana'arta, ba ta ɓoye wa kowa.

Yau dai ba aiki za ta ba. Kin Hou, saurayinta, malamin firamare mai sanyin hali, zai kai ta gaida mahaifiyarsa karon farko.

Mahaifiyar tasa, Gwaggo Ieong, na zaune ne a saman shagonta na alewar gyaɗa, mace ce siririya mai kaifin ido. Ta san aikin yarinyar, kuma ba ta ƙaunarsa ko kaɗan, don caca ce ta cinye mijinta tun Kin Hou yana goye. Amma ta yi wa ɗanta alkawarin za ta daure. Aka sha shayi, aka taɓa hira sama-sama. Can ta buɗe wani jan ƙyalle, sai ga awarwaron zinare mai zanen dodo da tsuntsu, irin wanda uwar miji ke ba amarya.

"Biyu ne da," in ji ta. "Ɗayan, uban Kin Hou ne ya cire daga hannuna ya tafi da shi wurin cacarku, bai dawo ba. Wannan ne ya rage. Riƙe ki gani ko zai shige ki."

Ta miƙo shi ta saman tebur da hannu biyu.

Wai Leng a ruɗe take tun shigowarta. To, ka san mutum in ya ruɗe, abin da jikinsa ya saba shi ke fitowa. Kafin ta yi tunani ta janye hannuwanta baya, ta ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu, ta ce da muryar aiki, "A ajiye a kan tebur, don Allah."



"Me kika ce?" Gwaggo ta tambaya a hankali.

"Wayyo! Sori, Gwaggo, ba haka..."

"Hannuna ne ke da ƙazanta? Ni za ki ƙwanƙwasa wa tebur a gidana kamar wata 'yar caca? Kin Hou, ka gani da idonka! Na ce maka wanda ya saba kwashe na mutane ba ya ganin kowa da gashi. Hannun da ke jan dukiyar bayin Allah ba zai miƙo min shayin aure ba. Fitar min da ita!"

Har suka kai tashar bas Wai Leng kuka take. A nan Kin Hou ya sosa ƙeya ya dube ta.

"Leng, ki bar aikin nan mana. Albashina zai riƙe mu. In kin ajiye, na san Mama za ta sauko."

Ta share hawaye ta dube shi. "In na ajiye yau, na yarda ke nan ni ɓarauniya ce shekara bakwai. Ina son ka, Hou, kai ma ka sani. Laifin da na yi wa Gwaggo zan ba ta haƙuri har ta gaji da ni. Amma laifin da ban yi ba, ba zan ɗauka ba ko don kai."

Haka kuwa ta yi. Duk ranar hutunta sai ta je shagon da lemo a leda, ta gaishe da Gwaggo, ta ce a yafe mata. Gwaggo ta ci gaba da yanka alewarta kamar iska ce ta wuce. Wata uku ana haka. Kin Hou ya rame, Baba Sou ya daina tsokana, ita kuma kullum ta goge falmaran ɗinta ta tafi aiki kai a ɗage, ko da idon a kumbure yake.

Wata Talata da azahar tana tsaye a teburinta, mutum biyu ne kawai ke wasa, sai ta ɗaga kai ta ga Gwaggo Ieong ta ja kujerar ƙarshe ta zauna, jaka a rungume a ƙirji. Matar da ta rantse ƙafarta ba za ta taka irin wannan wuri ba! Wai Leng ba ta dakata da aikinta ba. Ta ci gaba da zare karta, tana kifawa, tana buɗewa, komai a fili.

Wani attajiri mai ƙaton agogo ya ci wasa, murna ta kwashe shi, ya danƙo kuɗi zai cusa mata a hannu. Ta janye, ta ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu. "A ajiye a kan tebur, ranka ya daɗe."

"Ke, kin san ko ni wane ne?"

"Ko mai gidan nan ne, ranka ya daɗe, sai a kan tebur. Hannunmu ba ya haɗuwa da na kowa, don kada a ce an miƙa wani abu a ɓoye."

Duk wannan a kunnen Gwaggo. Da mutanen suka tashi, sai ta zaro jan ƙyallen nan ta tura awarwaron tsakiyar tebur.

"To, ga shi a kan tebur yadda kike so. Canza min shi, zan yi wasa. In kin sa na ci, na ba ki ɗana."

Wai Leng ta dubi zinaren, ta dubi tsohuwar. Ta san amsarta na iya raba ta da Kin Hou har abada. Ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Gwaggo, teburin nan ba ya karɓar zinare. Kuma ba ni da ikon sa kowa ya ci, da ina da shi ma ba zan yi ba, ko da Hou ne ladan." Ta sassauta murya, idonta ya kawo ruwa. "Wanda ya karɓi ɗayan, ban san ko waye ba, amma ba ni ba ce. Ki naɗe abinki ki koma gida, don Allah. Wannan kujerar ba taki ba ce."

Daidai nan wadda za ta karɓe ta a teburin ta dafa kafaɗarta, lokacin hutu ya yi. Wai Leng ta tafa, tas! Ta buɗe tafuka, ta kifa, ta ja da baya.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Gwaggo.

"Nuna wa na sama nake cewa ban tafi da komai ba. Sau goma sha wani abu a yini."

"Shekara bakwai?"

"Shekara bakwai, Gwaggo."

Tsohuwar ta naɗe awarwaronta ta fita ba sallama. Wai Leng ta shige ɗakin hutu ta kifa kai, ta ce shi ke nan, ta rasa shi. Amma ko a cikin kukan ba ta yi da-na-sani ba.

Da yamma ta koma gida ta tarar da Baba Sou yana taunar alewar gyaɗa, ga kwali guda a gabansa, bakinsa har kunne.

"Wata tsohuwa mai faɗa ta zo," ya ce. "Wai in ɗauko kalanda mu zaɓi rana."

Ranar auren, Wai Leng ta durƙusa cikin jar rigar amare ta miƙa wa surukarta ƙoƙon shayi da hannu biyu bisa al'ada. "Mama, sha shayi." Tsohuwar ta shanye tas, ta buɗe jan ƙyalle, ta dubi dangi da suka cika falo, sannan ta dangwarar da awarwaron a kan tebur, ta ƙwanƙwasa da yatsa biyu.

"Na ajiye, ranki ya daɗe!"

Falon ya kaure da dariya, Baba Sou har da riƙe ciki. Wai Leng ta girgiza kai, hawaye na zuba, ta miƙa tafukanta biyu a buɗe.

"A'a, Mama. Yau ba na aiki. Ki sa min da hannunki."

Mama Ieong ta kama hannun ta zura mata awarwaron, ba ta saki ba. Ta juya ga danginta ta ɗaga shi sama. "Ku kalle shi da kyau. Na yi masa hukunci da rufin da yake aiki a ƙarƙashinsa, ban tsaya na duba abin da ke cikinsa ba. Har ɗana na sa a kan tebur, bai ɗauka ba."

Ku 'yan mata da samari, ku riƙe wannan. In kun yi kuskure ku ba da haƙuri ba gajiyawa, amma kada ku sayar da mutuncinku don a so ku. Wai Leng ta jure wata uku, ta tashi da miji, da uwa, da sana'arta. Ranar Litinin ta cire awarwaron ta ba Mama ajiya, don ba a hawa tebur da ado a hannu, ta goge falmaran ɗinta ta koma aiki.