Ramuka Uku a Bayan Talabijin

Ranar Talata, tara ga watan Agusta, 2016, gari ya waye da yayyafi, har azahar rana ba ta leƙo ba. A ranar ne saƙon Yaya ya iso: na'urar kallon bidiyo, baƙa, siririya kamar littafi, tsaraba ga ƙanwarsa da 'yarta Auta.

Mama, kamar yadda ake kiranta har a ɗakin maganin da take aiki, talabijin ɗaya gare ta, ta marigayi mijinta. Ƙatuwa ce mai tudun baya, tana kusurwar falo lulluɓe da farin ƙyalle. Tun rasuwarsa ba a kunna ta ba. Kowace Asabar Mama kan goge ta, ta mayar da ƙyallen.

Da yamma mai gyara ya zo, ya juya akwatin yana nishi.

"Hajiya, wannan ai ta girmi kakata. Wayar na'urarku baki ɗaya gare ta, mai faɗi. Tsohuwa kuwa ramuka uku: rawaya na hoto, fari da ja na murya. Sai an sa musu tafinta a tsakani."

Ya fito da wani ɗan akwati kamar na ashana, ya haɗa. Aka fara kiran magariba. Ya cusa fari da ja, ya miƙa wa Auta rawaya ya ce ta ƙarasa, ya nufi masallaci. Ta danna ta da ƙarfi tana dariya. Ba wanda ya yi bismillah.

Hoto ya fito tangaram. Amma can cikin akwatin wani abu ya yi 'yar ƙara, kamar an taka jinjirin kyanwa.

Washegari da faɗuwar rana duwatsu suka soma sauka a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Mama ta zagaya gidan, ba kowa. Ta ce yaran unguwa ne. Da gunaguni ya fara fitowa daga kusurwar falo, ta zare talabijin daga wuta. Gunagunin bai tsaya ba.

Sai wata magariba Auta ta ɗago daga littafinta.

"Mama, an ɗauke wuta ne?"

Fitila na ci a saman kanta.

Da asuba ganin ya dawo. Likitan ido ya haska, ya auna, ya ce lafiya lau. Amma kullum duhun sai ya riga na jiya zuwa. Ya kai la'asar, ya gangaro azahar. Ranar da Auta ta lalubi kofin shayi da hantsi, Mama ta ajiye takardun asibiti ta aika a kira malam.

Tsoho ne, mai sanyin murya. Ya zauna kusa da yarinyar yana karatu har inuwa ta cika ɗakin. Auta ta sandare. Bakinta ya buɗe, wata murya busasshiya ta fito.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai gidan."

"Gidan na marainiya ne da uwarta."

"Ba wannan ba." Hannun Auta ya ɗaga, ya nuna kusurwa. "Wancan. Kango na same shi, a rufe, ba hayaniya, har shara ake min duk Asabar. Ta ramin rawaya nake leƙen duniya. Ina cikin leƙe yarinyar nan ta soke ni, ba sallama. Ido ɗaya gare ni. Na ari nata."

"Aro ana mayarwa. Me za ka karɓa ka fita?"

"A zare wayar. A ba ni akwatin, da mayafinsa."

"Na mahaifinta ne," Mama ta ce. "Shi kaɗai ya rage min."

Fuskar 'yarta ta juyo, idanu a buɗe, ba sa kallon komai.

"To riƙe akwati, in riƙe ido."

Malam ya sunkuyar da kai. "Hajiya, wannan ba ni zan yanke ba."

Ta miƙe. Bayan akwatin da ɗumi, kamar jikin mai barci. Ta yi bismillah, ta zare rawaya. Malam ya sa muryar ta rantse ba za ta dawo ba. Auta ta yi atishawa, ta zube, can ta ce a hankali, "Mama, kin yi kuka ne?"

Maza huɗu suka ɗauki akwatin da safe zuwa wani kango a bayan gari. Sun ce ya fi yadda ya kamata nauyi.

A shagon talabijin mai sayarwa ya yi ta zuba mata bayani kan faɗin gilashi da kaifin hoto. Mama ba ta dubi fuskar ko ɗaya ba.

"Juya min su ta gefe."

Ta bi su tana ƙwanƙwasa bayansu, tana kasa kunne, har ta tsaya a kan wadda kaurinta bai kai yatsa biyu ba.

"Hajiya, waccan ta fi ta hoto."

"Wannan ba ta da ciki. Kuma ba na son mayafi."

Tun daga ranar ba a taɓa barin ta yini guda a kashe ba.

Wasiƙar godiya ta daɗe a jakar Mama. Ta rubuta, ta yaga, ta sake. A ƙarshe ta ce wa Yaya na'ura ta iso, tana aiki, sun sauya talabijin don tsohuwar ba ta dace ba, Auta na gaishe shi. Ta liƙe ambulan, ta yi bismillah a bakin ramin akwatin gidan waya, ta ɗan jira ko akwai mai leƙe, sannan ta saka.