Firjin Asibitin Tudun Ƙirya

Ranar da aka kai Nusaiba makwancinta, uwarta Zuwairatu ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida don masu gaisuwa, amma har rana ta yi tsaka kaji ne kawai suka taka su. Ba wadda ta leƙo ta ce mata ya haƙuri! Ta bayan danga take jin muryar maƙwabciyarta Tasalla, wadda ita ma baƙon dauro ya ɗauke wa ɗa: "Allah shi ƙara! Ta sai da ran 'ya'yanmu, ga shi abin ya biyo ta har ɗaki." Zuwairatu ta rungume ɗan zanen goyon da ya rage mata, hawaye na zuba, tana faɗin, "Ya Allah, kai ne shaidata... kai kaɗai ka rage mini."

Marainiya ce, a hannun kawunta Salmanu ta tashi, kuma mijinta yana cikin waɗanda 'yan bindiga suka kashe a hanyar Runka. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar lafiya a ɗan asibitin Tudun Ƙirya, wanda aka buɗe da kiɗa da jawabai. Rediyo ta ce an zuba wa lafiyar talaka dukiya mai yawa a shekarar, kuma ba shakka an zuba, domin allon da ke ƙofar asibitin ya sha fenti har sau biyu. Abu guda mai amfani da ya iso shi ne firji mai aiki da sola, inda ake ajiye allurar rigakafi da maganin dafin maciji. Aka naɗa Kawu Salmanu shugaban kwamitin kula da asibitin, saboda shi ne mai babbar riga a garin.

Wata safiya, jama'a duk suna gona, ya zo da a-kori-kura ya loda firjin da solarsa.

"Kawu, ina za a kai shi? Lafiyarsa lau fa."

"Gyara, ɗiyata. Ke mi kika sani game da inji?"

Firji bai dawo ba. Alluran suka lalace cikin zafi, ta ƙi soka wa kowane yaro, har da tata ɗiyar. Da ta kai kuka gaban mai gari, sai Kawu ya share hawaye da bakin rawani ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na rene ta. Ta sai da kayan gwamnati, yau kuma ni take shafa wa baƙin jini!" Wa zai ɗauki maganar marainiya ya bar ta mai gemu? Daga sama ma, wajen hukuma, aka dakatar da albashinta, aka daina aiko da magani, tunda ba wurin ajiya.

Sai baƙon dauro ya sauka. Wayyo, Tudun Ƙirya! Gida-gida ake jin tarin yara, idanu jajur, jiki duk ƙuraje. Maza suka sayar da awaki da shanun huɗa don kai marasa lafiya Katsina, ciyawa ta cinye gonaki, geron da aka shuka da bege ya tsaya iya gwiwa. Garin da ke jinya ba ya noma, garin da bai yi noma ba da me zai yi jinya? Zuwairatu ta riƙa bin gidaje da ruwan gishiri da sukari, ana rufe mata ƙofa a fuska, har cutar ta zo ta ɗauki Nusaiba. Duk da haka kowace safiya sai ta share asibitin, ta zauna kusa da gurbin da firji ya bari.

Ranar wata Laraba aka shigo da Kawu Salmanu ranga-ranga. Kububuwa ce ta sare shi a gona, ƙafa ta kumbura, jini na fita ta dasashinsa, hanyar Katsina kuwa 'yan bindiga sun tare ta tun safe. Rabin gari ya biyo shi.

"Zuwaira... ɗiyata... allurar maciji, don girman Allah!"

Ta durƙusa tana wanke ciwon, tana kuka. "Kawu, babu. Sai da firji ake ajiye ta."

"Yana nan!" ya ƙwala ihu. "Yana shagona na kasuwar Batsari! Rilwanu, ɗauki mota, ku ɗauko shi maza!"

Tasalla ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi... shagon wa?"

Rilwanu direba ya kawo firjin da la'asar. Kawu ya ɗauka maganin na nan cikinsa yana jiransa. Aka buɗe a gaban mai gari, sai ga ledojin zoɓo da kunun aya jere, sun yi sanyi ƙarara!

Sai washegari hanya ta buɗe. A Katsina aka yanke ƙafar, daga gadon asibiti kuma 'yan sanda suka wuce da shi. Matan gari suka cika gidan Zuwairatu, suka zauna a kan tabarmin nan, Tasalla ta kama ƙafafunta tana rusa kuka: "Ki yafe mini, 'yar'uwa! Gaisuwar Nusaiba muka zo, ko da mun makara."

"Na yafe, Yaya Tasalla. Allah shi yafe mana baki ɗaya."

An mayar mata da albashinta, aka ba ta shugabancin asibitin, Tasalla ta haihu ta sa wa jaririyar suna Nusaiba. Firjin ma ya koma gurbinsa yana ta gurnani. Kowace safiya Tasalla kan zo da goyonta ta tambaya ko allura ta iso, Zuwairatu ta buɗe firjin, su leƙa tare, ciki wayam, sanyi kawai ya daki fuskokinsu. An dai aiko mai fenti daga sama, ya sake gyara allon.