Silifas a Ƙofar Ɗakin Na'urori

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe wata jami'a a birnin Semarang ta kai wa 'yan sanda rahoton sata. An kwafe fayil ɗaya daga ɗakin na'urori, kuma a cikinsa akwai sunayen ɗalibai mata bakwai da suka kai ƙarar malamai a asirce kan neman su da lalata. Kafin Sufeto Darmaji ya iso, an riga an kira huɗu daga cikinsu a waya. Mai kiran yakan faɗi sunan yarinya da lambar ɗakinta, sai ya kashe.

Ɗaya ta gudu garinsu. Sauran sun kulle kansu a ɗaki.

Rajistar ƙofa ta nuna an shiga ranar Juma'a da sha biyu da minti goma, lokacin da maza ke masallaci. An shiga da katin Tutik, ma'aikaciyar da ke kula da na'urorin, da kuma kalmar sirrinta.

Darmaji ya same ta a ofis, shayinta ya huce. A nan, don girmamawa, "Mbak" ake ce wa mace, namiji kuma "Pak".

"Mbak Tutik, wa kika ba kalmarki?"

"Ba kowa, Pak. Dokar jami'a ta hana. Na sa hannu a kai."

"Ina kike a lokacin?"

"Na je sayen abinci a bakin ƙofa."

"Da katinki?"

Darmaji ya ɗaga faifan madannin kwamfutarta. A ƙarƙashi akwai 'yar takarda an manna, da kalmar a rubuce da jan biro.

"Wannan kuma ta wane ce, ta kakata?"

Sai ta fashe da kuka.

"Pak, ya zan yi? Babban malami zai shigo ya ce makin ɗalibansa bai shiga ba, a gyara yanzu. In ce masa a'a? Ni da nake kan kwantiragi? Sai na riƙa barin katin a aljihun tebur, in ba na nan su yi da kansu."

"Su nawa suka sani?"

"Shida."

"Sunaye."

"Pak, ina da yara biyu." Ta kalli ƙofa. "Jiya ni ma an kira ni. Numfashi kawai nake ji."

Ya tura mata takarda. Ta daɗe kafin ta rubuta.

Malaman shida duka sun ce suna masallaci. Na ƙarshensu, Dakta Gunadi na sashen shari'a, har sigari ya miƙa wa sufeto.

"Sahu na biyu nake, Pak Sufeto. Ku matsa wa yarinyar nan Tutik. Waɗannan 'yan kwantiragin, waya sabuwa ta isa a saye su."

"Me limamin ya yi huɗuba a kai?"

"Haƙuri," in ji Gunadi yana dariya. "Kullum ai haƙuri ne."

An cire wayar kyamarar da ke cikin ɗakin na'urori. Ta baranda tana aiki, amma daga sama take kallo. Darmaji ya zauna da mai gadi, Pak Slamet, suka kalli hoton. Wani mutum ya zo sanye da rigar ruwa da hular kwano ta babur. Ba fuska, ba hannu a waje. Ya tsaya a ƙofa, ya tuɓe takalmi kamar yadda kowa ke yi kafin ya taka kafet ɗin ɗakin, ya shige.

Darmaji ya ce, "Tsaya nan. Matso da shi."

Silifas ne na roba, fari da shuɗi, irin na alwala. Akwai dubu irinsa a jami'ar, shi ya sa kowa ke sassaƙa alama a nasa da reza don kada a yi masa musanye a masallaci. A kan wannan an sassaƙa sikeli.

Slamet ya ja da baya daga allon.

"Ka san shi?"

"Pak, shekara biyu suka rage mini in yi ritaya."

"Yara uku ba a kira su ba tukuna, Pak Slamet."

Tsohon ya sake kallon allon. "Na Pak Gunadi ne. Ni na sassaƙa masa."

Silifas ɗin suna ƙarƙashin teburin Gunadi. Darmaji ya ɗora su a kan takardunsa, ya ajiye hoton a gefe.

Gunadi ya daɗe yana kallo.

"Na fito kamar zan tafi masallaci," ya ce a hankali. "Ban ma tuna na tuɓe ba."

"Me ya sa ka ɗauki fayil ɗin?"

"Wata mai zuwa za a ba ni farfesa. Uku daga cikinsu ni suka kai ƙara. Ina so su janye, shi ke nan. Ban taɓa kowa ba."

"Sauran huɗun fa?"

"Don kada a gane ni ne."

Ya ciro ƙaramar waya da filashar da ya kwafi fayil ɗin a ciki daga aljihun tebur ya miƙa. Wani ɗan sanda da ke tare da Darmaji ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa Gunadi ya juyo.

"Riƙe filashar, Pak Sufeto. Sunayen suna kaina, duka bakwai, da lambar ɗaki."

Darmaji ya bi shi da kallo har aka sa shi a mota. Sannan ya kira ofis, ya ce a shirya takardar hana beli, kuma kafin la'asar a canza wa 'yan matan masauki.